Kurakuran da masu baburan doguwar tafiya suka fi yi wajen duba bawul

Babura irin su Kawasaki KLR650, Suzuki DR650 da V-Strom 650, Yamaha Ténéré 700, Honda Africa Twin da BMW GS an ƙera su ne su ci kwalta, su ci burji, su yi nisa da gari. Shi ya sa masu su da yawa ke koyon yi musu aiki da hannunsu, domin inda babur zai tsaya ba lallai a sami bakaniken da ya san cikinsa ba. Juyen baƙin mai da ɗaure sarƙa abu ne da ake koya a yini guda. Inda aka fi yin ɓarna shi ne duba ratar bawul, wato ɗan gibin da ke tsakanin jelar bawul da ƙarfen da ke danna ta, abin da ake ce wa setin tafet a gareji. Ratar nan ba ta wuce kaurin takarda ɗaya zuwa huɗu ba, don haka ɗan ganganci ya isa ya mai da awon gaba ɗaya aikin banza.

Jiran sai inji ya yi ƙara

Mutane da yawa ba sa buɗe murfin bawul sai sun ji ƙas-ƙas daga kan silinda. Wannan ya fi kowane kuskure tsada. Idan inji na juyawa sau 5,000 a minti, kowane bawul yana faɗawa kan mazauninsa sau 2,500 a wannan minti. A hankali fuskar bawul da mazaunin suna cinyewa, bawul yana nutsewa, jelarsa tana tasowa, ratar tana raguwa. Bawul mai rata da yawa shi ke ƙara, kuma ɓarnarsa kaɗan ce. Wanda ya matse shiru yake yi. Bawul ɗin hayaƙi ta mazauninsa yake sauke mafi yawan zafinsa, to idan ya daina zama sosai sai wuta ta riƙa lasar gefensa har ya ƙone. Kafin a kai nan babur yakan fara wuyar tashi da safe, ya riƙa mutuwa a silo, ƙarfinsa ya ragu a hawa. Sai ka ga an canza fulogi, an wanke kafireto, an zargi mai, alhali bawul ne.

Maganinsa bin kilomitar da kamfani ya rubuta. DR650 kowane kilomita 12,000 ne. V-Strom 650, Africa Twin da KLR650 na 2008 zuwa sama, 24,000. Ténéré 700 yana kaiwa 40,000. BMW R1200GS mai sanyaya inji da iska da mai, 10,000, na ruwa da ya fito a 2013 kuma 20,000. Wanda babur ɗinsa ke shan ƙurar hunturu a hanyoyin Sahel ya rage wannan tazara, domin ƙura mai laushi tana cin bawul ɗin shigar iska da sauri.

Aunawa da ɗumi

Adadin da ke cikin littafi na inji mai sanyi ne. Littattafan Honda sun faɗi ƙarara: ƙasa da digiri 35. A Kano ko Damagaram a watan Afrilu, iskar rana kanta ta wuce haka, balle ƙarfen da aka ajiye a fili. A bar babur ya kwana a inuwa, a auna da sassafe. Kada a tayar da shi ko na minti ɗaya don a shigar da shi gareji, a tura shi da hannu.

Tun kafin a taɓa noti ɗaya a wanke saman inji da ƙarƙashin tanki. Ramin fulogi yakan tara yashi, kuma da an zare fulogin sai yashin ya zube cikin silinda. A hure ramin da iska tukuna.

Tsayar da fistan a zagayen da ba shi ba

Kuranshaf, sandar da fistan ke juyawa, yana zagaye biyu kafin kamshaf (kam), sandar da ke buɗe bawuloli, ya yi ɗaya. Ma'ana alamar T da ake leƙawa ta ramin taimin tana zuwa sau biyu: sau ɗaya a ƙarshen matsi, lokacin da duk bawuloli ke rufe, sau ɗaya kuma a ƙarshen fitar hayaƙi, lokacin da suke ɗan buɗe. A na farkon ake auna rata. Wanda ya tsaya a na biyun zai ga babu rata ko kaɗan, ya sassauta, ya rufe, ya tayar da inji yana kuka kamar injin niƙa. Ganewa ba wuya. A injin roka irin DR650, inda wani ɗan hannun ƙarfe da ake kira roka ke tsakanin kam da bawul, kama roka ka girgiza: idan na shiga da na fita duka suna ɗan motsi, ka tsaya daidai. A injin da kam ke danna bawul kai tsaye, dubi wuraren da suka yi tozo a jikin kam, dole su kauce daga kan bawul. Idan ba haka ba, ƙara zagaye ɗaya cikakke.

A juya inji ta fuskar da yake juyawa in yana aiki kawai. Idan an zarce alama, kada a dawo da baya, a sake zagayowa. Komawa baya yana sakin sarƙar taimin ta ɗaya gefen, kuma KLR650 da DR650 suna da na'urar rage matsi a jikin kam wadda ke ɗan ɗaga bawul ɗin hayaƙi don sauƙin tashi, tana iya sa awo ya yi ƙarya. Injin silinda biyu kuwa kowace silinda da matsayinta. V-Strom yana da alamar F ta gaba da R ta baya. Ténéré da Africa Twin kuranshaf ɗinsu mai digiri 270 ne, fistan biyun ba sa hawa tare, sai a bi littafi mataki-mataki.

Fila gej

Fila gej siraran ganyayen ƙarfe ne da ake zurawa cikin rata don a auna ta, kowanne da kaurinsa a rubuce. A fara da duba ko rubutun da ke jikin ganyen na milimita ne ko na inci. Inci 0.006 shi ne milimita 0.15. Wanda ya rikita su zai yi seti mai kyau a kan adadin da ba shi ba.

Ganyen da ya dace yana shiga da ɗan jan hannu, kamar ana zare takarda daga tsakiyar littafi mai kauri. Idan sai an tura da ƙarfi, to ganyen ne ya danne sifirin ya buɗa wa kansa hanya. Idan an shigar da shi a karkace, zai yi kamar ya matse alhali akwai rata, shi ya sa ganye mai lanƙwasasshen baki ya fi a wurare masu ƙunci. Hanya mafi tabbas ita ce a gwada biyu: 0.15 ya shiga, 0.18 ya ƙi, ka san inda kake. A goge ganyen kowane lokaci, ɗan yashi ɗaya yana canza awo.

Kuma a rubuta. A zana kan silinda a takarda, da'ira ɗaya ga kowane bawul, a sa awo da kilomita da kwanan wata. Bawul ɗin da ya sauko daga 0.25 zuwa 0.21 cikin duba ɗaya yana cikin iyaka, amma yana tafiya, kuma sai mai rubutu ne zai gane. Ga iyakokin wasu a milimita, na bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi: DR650, shiga 0.08 zuwa 0.13, fita 0.17 zuwa 0.22. KLR650, shiga 0.10 zuwa 0.20, fita 0.15 zuwa 0.25. V-Strom 650, shiga 0.10 zuwa 0.20, fita 0.20 zuwa 0.30. Tun da rata raguwa take yi, in za a yi seti gara a kai ta tsakiya ko a ɗan karkata wajen babba.

Sukuru da noti

A DR650 da R1200GS na 2004 zuwa 2009, sukuru ake juyawa a kulle da noti. Kuskuren a nan shi ne a daidaita sukuru, a ɗaure noti, a rufe. Notin yana jan sukurun tare da shi, ratar ta canza. A riƙe sukuru da hannu ɗaya, a ɗaure da ɗayan, a sake aunawa bayan an ɗaure. A wancan GS ɗin, inda shiga take 0.15 fita 0.30, roka ɗaya ce ke danna bawul biyu, don haka ana sa ganye biyu a lokaci guda don kada rokar ta karkata gefe.

Lissafin shim

A KLR650, V-Strom da Ténéré, ɗan faifan ƙarfe da ake kira shim shi ke ƙayyade rata, kuma sai an ɗaga kamshaf ake canza shi. Lissafin guda ne: kaurin tsohon shim, a haɗa da ratar da aka auna, a debe ratar da ake so. Misali bawul ɗin hayaƙi na V-Strom ya nuna 0.17, ana son 0.25, tsohon shim 1.80 ne. 1.80 da 0.17 sun zama 1.97, a debe 0.25, saura 1.72. Shim na 1.70 zai ba da 0.27, na 1.75 zai ba da 0.22. Na farkon ya fi. Masu juya lissafin su sa mai kauri suna ƙara matse bawul ɗin da suka zo saki.

Kada a dogara da lambar da ke jikin shim, takan goge, kuma ƙarfen yakan ɗan cinye. A auna da maikuromita, na'urar auna kauri. Faɗi ma ya bambanta: na V-Strom milimita 7.48 ne, na KLR650 29, kuma akwai masu kama da juna a ido waɗanda ba sa zama a gurbin juna. A KLR, inda shim ke saman kofin bawul, wato ɗan kofin ƙarfen da ke kife a kan jelar bawul, a kifa fuskar mai lamba ƙasa don kada kam ya share ta. Kowane kofi ya koma ramin da ya fito. Kwalin ƙwai da aka rubuta wa lamba ya isa wannan aiki. Goge shim da dutse don a rage kaurinsa kuwa a bar shi sam, taurin ƙarfen a fatarsa yake.

Kafin a kwance komai a cusa tsumma mai tsabta a ramin sarƙar taimin. Shim, noti ko ɗan bututun da ke daidaita murfin kam (ƙarfen da ke danne kamshaf a mazauninsa) idan ya faɗa can, aikin awa uku ya koma kwance gefen inji. A sa ɗigon fenti a sarƙa da haƙorin da take kai, a ɗaure sarƙar da waya don kada ta zame. A cire abin da ke ɗaure sarƙar taimin tukuna, kuma a mai da harshensa baya kafin a sake ɗaura shi. Wanda ya ɗaura shi a miƙe zai ja sarƙar fiye da kima.

Mayarwa

Ƙusoshin murfin kam ƙanana ne, cikin alminiyam suke shiga, ƙarfin ɗaurinsu yana wajen Nm 10 zuwa 12 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). Hannu ba ya iya ƙiyasta wannan, sai da sifanar awo ƙarama. A ɗaure su kaɗan-kaɗan, a gicciye, bisa jerin da littafi ya nuna. Wanda ya danne gefe ɗaya gaba ɗaya zai iya tsaga murfin, kuma ba a sayar da shi shi kaɗai, tare da kan silinda aka huda shi. A shafa baƙin mai a kam da mazauninsa.

Sannan a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, a hankali. Idan ya cije, a tsaya nan take, bawul ne ya haɗu da fistan. A sake duba alamomin taimin, a sake auna kowace rata. Sai bayan haka a taɓa sitata. Robar murfin bawul ba ta son gam sai ɗan ɗigo a lungunan rabin-wata. Gam mai yawa yana gutsurewa ciki ya toshe hanyar mai.

Abin da ke cin bawul tun daga waje

Matatar iska ce ke yanke tsawon ran bawul ɗin shiga. Ta soso, irin ta DR650 da KLR, wanke ta ake yi, ta bushe sarai, a shafa mata man matata ya ratsa ko'ina, a matse rarar ba tare da murɗawa ba. Soso busasshe ba ya tare ƙura mai laushi. Ta takarda ba a wanke ta, ba a sa mata mai, kuma iska mai ƙarfi tana huda ta. Bayan an cire matata, a zura yatsa cikin bututun da ke bayanta. Idan yatsan ya fito da garin ƙura, akwai inda take shiga, galibi bakin matatar ne bai zauna ba.

Baƙin mai a nemi mai alamar JASO MA ko MA2 a jikin galan, domin a yawancin waɗannan babura kuloci cikin mai yake, man mota mai sulɓi yana sa shi zamewa. A canza wosha ɗin notin juye. Sarƙar baya kuma kada a ɗaure ta irin ta ƙaramin babur na cikin gari. Ƙafar bayan waɗannan tana nutsewa sosai, sarƙar tana ƙara ɗaurewa in an ɗora kaya an faɗa rami. DR650 yana son sassauci milimita 30 zuwa 45. A juya taya a nemo inda sarƙar ta fi ɗaurewa, a auna a nan.