Bin Tsohuwar Hanyar Jirgin Ƙasa a Gefen Tafkin Mead da Ƙafa

Abin da ke yaudarar baƙo a Tafkin Mead shi ne ganin ruwa. Ka tsaya a bakin hanya, ga tafki shuɗi shar iya ganinka, sai zuciya ta ce maka ai ba a mutuwa da ƙishirwa a nan. To, hanyar tana can sama a jikin dutse, ruwan yana can ƙasa da nisa, tsakaninku gangare ne mai duwatsu masu zamewa. Ruwan da za ka sha sai wanda ka ɗauko a bayanka.

Tafkin yana hamadar Mohabe a Amurka, kan iyakar jihohin Nebada da Arizona, kimanin kilomita 50 daga Las Begas. Ya samu ne da aka datse Kogin Kolorado da madatsar Hoover, wadda aka gina tsakanin 1931 da 1936. Don kai siminti da manyan ƙarafa wurin ginin aka shimfiɗa layin dogo daga garin Boulder City, aka huda duwatsu aka yi kogo biyar domin jirgi ya ratsa. A 1962 aka kwashe dogon, aka bar shimfiɗar, ita ce yau ake bi da ƙafa ko da keke. A allunan hanya sunanta Historic Railroad Trail, kuma mafarinta na kusa da cibiyar baƙi ta Alan Bible, a kan titin Lakeshore.

Daga wurin ajiye motoci zuwa madatsar kimanin kilomita 6 ne, zuwa da dawowa 12. Mai tafiya a natse, yana tsayawa ɗaukar hoto, ya ware awa uku zuwa huɗu. Mai yara ko tsoho ya tsaya a kogo na biyar ya juyo, wato kimanin kilomita 3.5 daga mafari. A ganinmu ba a yi asara ba, domin mafi kyawun kallon tafkin duk yana wannan ɓangaren.

Zaɓen lokaci

Daga Nuwamba zuwa Maris ne lokacin wannan tafiya. Oktoba da Afrilu ma ba laifi in an yi sammako. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa zafin rana kan haura digiri 43, ga dutse yana mayar da zafi kamar bakin tanda. Hukumar da ke kula da wurin takan rufe wasu hanyoyi masu wuya, irin su Goldstrike da White Rock, daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Satumba saboda yawan waɗanda zafi ke kayarwa. Kada wanda ya tashi a Sakkwato ko Agadas ya ce shi ya saba. A gida ma ai ba wanda ke taka kilomita 12 da tsakar ranar bazara don nishaɗi. In dole sai a watannin zafi za ka je, ka fara da zarar gari ya waye bayan Asuba, ka dawo mota kafin ƙarfe tara. Mai azumi ya haƙura gaba ɗaya.

Lokacin sanyi matsalar gajartar yini ce. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar, kuma ɓangaren da ke bayan kogo na biyar da rana kawai ake binsa. Wani abu kuma da ke rikita mutane: a watannin sanyi agogon Arizona yana gaba da na Nebada da awa ɗaya, wayarka kuma na iya tsallakawa zuwa lokacin Arizona in ka kusanci madatsar. Mai lissafin La'asar ko dawowa mota ya ɗaura agogon hannu.

Ruwa da gishiri

A ranar sanyi ɗauki lita 2 zuwa 3 ga kowane mutum. A ranar zafi lissafa lita ɗaya ga kowace awa, ka ƙara ɗaya ta ko-ta-kwana. Cika gorunan tun daga gari, ka kuma bar wata jarka a mota don dawowa. Ƙa'idar da ba a karya ta ita ce: da zarar rabin ruwanka ya ƙare, juyo, ko da kana hango madatsar.

Iskar wurin busasshiya ce ƙwarai, gumi na bushewa kafin ya jiƙa riga, shi ya sa mutum ba ya gane yawan ruwan da ke fita daga jikinsa. Kada ka jira ƙishirwa. Kurɓi kaɗan-kaɗan duk minti 15 zuwa 20. Duba fitsarinka: in ya yi duhu kamar shayi, ko ka yi awanni ba ka ji shi ba, kana baya wajen shan ruwa. Amma zuba ruwa zalla ba tare da cin komai ba shi ma yana da illarsa, domin gishirin jini na raguwa, sai ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa su biyo, mutum ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara ɗura ruwa. Maganinsa gyaɗa mai gishiri, ko biskit, ko ƙullin gishiri da sukari na kemis a gora ɗaya. Dabino ma na da amfani, sai dai ƙarfi yake bayarwa, ba gishiri ba.

Sutura mai haske, mai dogon hannu, wadda ba ta matse jiki. Malafa ta fi hular hana-salla, don tana rufe kunne da ƙeya. Takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa, wanda ƙafa ta saba da shi, domin tsakuwa ce tun daga farko har kusan ƙarshe. Sai tabarau, man kariya daga rana, ƙaramar tocila da filasta. Ka faɗa wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo, saboda sabis ɗin waya na ɗaukewa a wasu lunguna.

A kan hanya

Farkon hanyar fili ne ba inuwa. Can hagu za ka ga tashar kwale-kwale da tsibirai, da wani farin zobe da ya kewaye duwatsun bakin ruwa. Wannan shaidar inda ruwa yake kaiwa ne a da. A Yulin 2022 tafkin ya sauka zuwa kimanin kashi 27 cikin 100 na cikarsa. Kafin ka kai kogon farko, leƙa kwarin da ke dama, akwai manyan curin kankare da aka ciro daga madatsar lokacin da za a girka injinan wuta.

Kogunan biyar ne, kowanne tsawonsa kusan mita 90, faɗinsa kusan mita 7 da rabi, an yi su da girma haka ne don manyan bututu su wuce. Su ne inuwarka, don haka a bakinsu za ka huta. Cire tabarau kafin ka shiga, ido na ɗaukar ɗan lokaci kafin ya saba da duhu, masu keke kuma kan shigo da gudu. Riƙe dama. Daga Mayu zuwa Oktoba jemagu na kwana a rufin, za ka ji tsuwwarsu da warin kashinsu. Wanda ka gani a ƙasa kada ka taɓa shi, jemage na iya ɗaukar cutar haukan kare.

Bayan kogo na biyar tafkin ya ɓace maka. Hanyar ta ratsa ta wajen turakun lantarki, ta gangara zuwa ginin ajiye motocin madatsar. Gangaren nan da daɗin sauka, amma a dawowa hawa ne, ga gajiya ga rana ta take. Nan mafi yawan mutane ke gane sun yi kuskuren lissafin ruwa.

Idan abu ya ɓaci

Wanda ya fara jiri, kasala, ciwon kai, ko jijiyar ƙafa na ɗaurewa, a kai shi bakin kogo, a sassauta masa kaya, a jiƙa masa wuya da hammata, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, sannan tafiya ta ƙare, a juya. In kuwa ya fara sambatu, yana tangaɗi, ko ya suma, zafi ya taɓa ƙwaƙwalwa. A kira 911, lambar neman agajin gaggawa a Amurka, nan take, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita, kada a ɗura masa komai a baki.

Akwai macizai masu kacau-kacau a wutsiya, sun fi fitowa da sassafe da yamma in gari ya yi ɗumi. Kada ka zura hannu ƙarƙashin dutse ko ka zauna inda ba ka duba ba. In sara ya faru, ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure gaɓa. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a kira 911. Ragunan dutse kuma kan sauko kusa da hanya, a kalle su daga nesa, kada a ba su abinci. In hadari ya haɗo tsakanin Yuli da Satumba, nisanci kwaruruka, ruwan da aka yi a wani tsauni mai nisa na iya iso maka da ambaliya.

Mai son taɓa ruwan ya gama tafiyarsa, ya shiga mota zuwa gaɓar Boulder Beach, 'yan mintuna daga mafarin hanyar. A nan ma kada ya cire takalmi, akwai ɓawon ƙananan dodon-koɗi masu kaifi, kuma inda ruwa ya janye sama ce kawai ta bushe, ƙasan laka ce mai riƙe ƙafa. Babu masu ceto a gaɓar, duk mai shiga ruwa ya sa rigar iyo.