Yadda za ka fara cin naman da ba ka saba da shi ba

Jama'a tunda sanyin Jos ya kankama kowa sai maganar farfesu yake, to ga masu son su ɗan fita daga saniya da akuya su gwada wani abu, ga yadda nake bi. Abu na farko, ranar da za ka fara ɗanɗana naman da ba ka taɓa ci ba kar ka cika shi da yaji da maggi, gishiri da albasa da 'yar citta sun isa, in ba haka ba yajin kawai ka ci, naman bai gaya maka komai ba.

Ka fara da zomo, shi ne mai sauƙin shiga rai. Namansa fari ne kamar na kaza, ɗanɗanon ma kusan na kazar hausa sai dai ya fi laushi kuma kusan ba kitse, shi ya sa in ka ɗora shi a gasa kai tsaye zai bushe ya zama kamar katako. A nan garin masu kiwon zomo suna da yawa, ka saya da rai ka yanka da kanka. A wanke da lemon tsami, a tafasa kamar minti 30 a kan wuta kaɗan, sannan a soya sama-sama ko a zuba dankalin turawan Bokkos a cikin romon. Wallahi da sanyin safiya wannan romon ba a magana.

Sai raƙumi, wanda shi ne nake so mu daɗe a kai don an fi yi masa rashin adalci. Mutane su ce wai tauri, wai ƙarni, alhali yawanci tsoho aka sayar musu kuma suka dafa shi kamar naman rago. Ɗanɗanonsa kusa da na saniya ne amma da wani ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshe, kuma tsokar ba ta da kitse sosai saboda kitsen ya taru a tozo. Don haka in ka je wurin mahauci ka ce masa, malam na ƙarami nake so kuma a sa min ɗan tozo a kai. Na ƙaramin jansa bai yi duhu sosai ba, na tsohon kuwa ja wur har ya yi baƙi-baƙi, zaren naman manya. In tsohon ka samu to sai haƙuri, awa 2 zuwa 3 a wuta kaɗan-kaɗan, ko tukunyar fresha in kana da ita, ka yanka shi ƙanana kana gicciye zaren ba bin tsawonsa ba. Wasu na jefa kanwa don ya yi saurin nuna, ni dai ba na so, tana sauya masa ɗanɗano. Tozon kuma a ci da zafinsa, da ya huce kitsen ke daskarewa a dasashi, balle a iskar Jos. A Kano an fi samunsa, don haka in wani naka zai taho ka ba shi saƙo ya sa a kula da ƙanƙara. Maganar alwala kuwa malamai sun saɓa, Hambaliyya na ganin cinsa yana karya ta, Malikiyya da akasarinmu ke bi ba su ganin haka.

Gyazbi shi ne wanda ake yawan sayarwa a matsayin naman daji, ciyawa da rake yake ci, namansa akwai zaƙi da laushi kamar tsakanin zomo da ɗan akuya. Ana babbake shi ne a kankare, fatar ita ce daɗin. In kyafaffe ka saya ka jiƙa a ruwan zafi ka goge toka da burushi, ka buɗe cikin ka sunsuna, ƙamshin hayaƙi ya kamata ka ji, in ka ji tsami-tsami ko ka ga tsutsa ka bar shi. Kuma ka tambayi mai sayarwa yadda aka kama shi da ko an yanka, don akwai masu sa guba a daji.

Fara kam ba ta buƙatar dogon bayani, cire fiffike da ƙafafu, fizge kan ya fito da kayan cikin, tafasa da gishiri, shanya, soya, barbaɗa yaji. Ƙurus-ƙurus take kamar kirefish, ta Maiduguri ta yi suna. Mai samun ƙaiƙayi in ya ci kirefish ya yi hattara da ita.

Akwai waɗanda ni ba na taɓawa kuma ina roƙon ku ku bar su: jemage, biri, ɓera, da duk dabbar da aka tsinta a mace. Zazzaɓin Lassa daga ɓera yake zuwa, an fara gano shi a garin Lassa na Borno a 1969, kuma a 1970 ya ɓarke a nan Jos ya kashe mutane har da ma'aikatan lafiya, har yau da rani yake tashi. Lokacin Ebola a 2014 ma kun tuna yadda aka yi ta gargaɗi kan jemage da biri. Ko halastaccen naman dajin ne, mai ciwo a hannu kar ya feɗe, wuƙa da katakon yankan a wanke da sabulu da ruwan zafi kafin su taɓa kayan miya, kuma a dafa har ya zama babu ja ko kaɗan kusa da ƙashi.