Yadda ake karɓar koken injiniya alhali kumbo yana sama

Da zarar injiniya ya ce yana zargin akwai matsala, abin da shugaban tawaga zai fara yi shi ne ya ɗora nauyin kawo hujja a kan masu cewa lafiya lau. Mai koke sau da yawa ba shi da bayanan da zai tabbatar da tsoronsa, don haka idan aka ce sai ya kawo hujja, an rufe masa baki ke nan.

Haka aka yi da kumbon Columbia na hukumar NASA ta Amurka. An harba shi ranar 16 ga Janairun 2003, kuma daƙiƙa 82 da tashinsa wani ɓallin soso daga tankin mai ya bugi fiffikensa na hagu. Soson bai kai kilo ɗaya ba, amma gudunsa ya haura kilomita 800 a awa. Sau uku aka nemi a ɗauko hoton fiffiken da na'urorin soja, ba a ɗauka ba. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a sararin Texas, 'yan sama jannati bakwai suka rasu.

Saboda haka mataki na biyu shi ne a nemo bayani tun da sauran lokaci. Hoto ba ya cin komai idan aka kwatanta da rai. Kada a tsaya binciken ko buƙatar ta biyo ta ofishin da ya dace. A tambayi abin da mai neman yake son gani. Lokaci kuwa yana da iyaka, domin gwangwanayen da ke tsotse gurɓatacciyar iska a cikin kumbo ƙidayayyu ne. Masu bincike sun nuna cewa da an gano ramin da soson ya yi a fiffiken da wuri, ana iya tsawaita zaman Columbia zuwa kwana 30 a gwada ceto da kumbon Atlantis.

Sai a bincika ma'aunin da aka yi lissafi da shi. Manhajar Crater da aka dogara da ita wajen lissafin ɓarnar da soson ya yi wa Columbia, an gwada ta ne da ƙananan ɓaraguzai, soson nan kuwa ya ninka su sau ɗaruruwa. Shugaba ya tambaya kai tsaye: wannan lissafi yana cikin iyakar abin da aka taɓa gwadawa? In amsar a'a ce, sakamakon hasashe ne. Nan ne aka fi zamewa, domin soso ya sha faɗowa a tafiye-tafiyen baya kumbo ya dawo lafiya, har aka saba da shi aka daina ganinsa a matsayin haɗari.

Ya kamata tawagar da ke jagorantar tafiyar daga ƙasa ta riƙa zama kullum. Ta Columbia sau biyar kacal ta zauna a tafiyar kwana 16. A kira injiniyan da kansa ya yi magana a gaban taro, a rubuta ra'ayin wanda bai yarda ba, a kuma kai shi ga sashen kula da lafiyar tafiya wanda ba ya ƙarƙashin mai gudanar da shirin.

An ga amfanin wannan a 2005. Aka ɗauki hoton ƙasan kumbon Discovery daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, aka hango ƙyallaye biyu sun leƙo daga tsakanin tayil ɗin da ke kare shi daga zafi, ɗan sama jannati Stephen Robinson ya fita ya zare su da hannu kafin a juyo gida.