Darasi na Bakwai: Beyar da Hanyar Motocin Katako a Kanada

A wannan darasi za mu karanta labarin beyar (bear a Turance), wata ƙatuwar dabba mai gashi da ba a samunta a dazuzzukanmu, sannan mu koyi wani lissafi da ma'aikatan gandun daji suke amfani da shi. A karanta a tsanake, sakin layi ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tanadi fensir da takarda, domin akwai aiki a gaba.

Karatu

Birtish Kolombiya lardi ne a yammacin Kanada, a bakin tekun Fasifik. Ƙasa ce ta duwatsu da koguna da manyan dazuzzuka, kuma sare itace domin katako yana cikin manyan sana'o'in mutanenta. A can akwai beyar iri biyu: baƙa, da wata babba mai ruwan ƙasa da ake kira girizili. Hukumar lardin ta kiyasta cewa girizili sun kai kimanin 15,000.

Rayuwar beyar duk a kan neman kitse take. Idan hunturu ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, sai ta shige rami ta kwanta wata biyar ko shida, ba ci ba sha. A cikin ramin nan mace take haihuwa, wajen Janairu ko Fabrairu, jariri ɗaya bai fi rabin kilo ba. Saboda haka kafin sanyi dole ta cika ciki. Ta bakin teku tana kama kifin salmon a lokacin da yake hawowa koguna don yin ƙwai. Ta cikin duwatsu kuwa ta dogara da wasu ƙananan 'ya'yan itace masu zaƙi, kamar girman magarya, ana kiransu hakulberi. Macen da ba ta tara isasshen kitse ba, a shekarar nan ba za ta haihu ba.

To, me ke faruwa idan aka sare daji? Abin da zai ba ku mamaki shi ne, da farko abinci kan ƙaru. Manyan itatuwa sun faɗi, rana ta samu hanyar sauka ƙasa, ciyawa da ƙananan itatuwa masu 'ya'ya suka tsiro. Beyar takan shigo irin wannan fili ta yi kiwo. Sai dai daɗin ba ya ɗorewa. Bayan shekara 20 zuwa 30, itatuwan da aka dasa sun girma a cunkushe, rassansu sun haɗe, ƙasa ta koma duhu. Daga nan har shekaru masu yawa babu abin kirki da beyar za ta ci a wurin. Mai wucewa zai ga daji kore shar, ya ce ai komai ya dawo. Bai dawo ba.

Akwai kuma maganar makwanci. A bakin teku, inda ruwan sama yake da yawa, baƙar beyar takan kwanta a kogon tsohon itace mai faɗin gindi, wanda ya yi ɗaruruwan shekaru. Kamfanin da yake sake sare dajinsa kafin ya cika shekara 100 ba zai taɓa samar da irin wannan kogo ba.

Duk da haka, babbar ɓarnar ba a bakin zarto take ba. Kafin a fitar da gungume ko ɗaya, sai katafila ta fasa hanya, an kafa gada, an sa kwalbati. Masu saran sukan gama aikinsu su tafi, hanyar kuwa tana nan. Wurin da a da sai an yi kwana biyu a ƙafa kafin a kai, yanzu mota tana isa cikin awa guda. Maharbin barewa ya shigo, mai kamun kifi ya shigo, mai yawon hutu ya kafa tanti ya bar ragowar abinci. Beyar kuma tana son gefen hanya, saboda ciyawa mai laushi da ke tsirowa a can. Haka ake yin kiciɓis. Wani ya harbe ta don tsoro, wani don ya ɗauka baƙa ce alhali girizili ce, wani don mugunta kawai. Wadda ta saba da sharar mutane har ta fara shiga zango, ma'aikatan hukuma da kansu suke kashe ta. Binciken da aka yi a Birtish Kolombiya da maƙwabcinsa lardin Alberta ya nuna cewa yawancin girizilin da mutane suke kashewa, cikin mita 500 daga hanya suke mutuwa.

Wani masani mai suna Bruce McLellan ya shafe shekaru fiye da 30 yana bin girizili a kwarin Flathead, a kudu maso gabashin Birtish Kolombiya. Ya ga suna ƙaruwa a lokacin da ake tsaka da sare itace, domin akwai hakulberi da yawa a tuddan da gobarar daji ta taɓa cinyewa, kuma tuddan nan suna nesa da hanya. Waɗanda suka mutu kuwa, akasarinsu hannun mutum ne ya kashe su.

Mutuwar mace ita ce babbar asara. Girizili ba ta fara haihuwa sai ta kai shekara biyar zuwa bakwai. Takan haifi biyu, ta yi renonsu shekara biyu ko uku kafin ta sake ɗaukar ciki. Idan aka rasa mata kaɗan a kwari ɗaya kowace shekara, haihuwa ba za ta cike giɓin ba.

Yadda ake kula da su

Ma'aikata sukan fara da ƙidaya. Sukan kewaye 'yan itatuwa da waya mai ƙaya, su zuba ruɓaɓɓen kifi da jini a tsakiya. Beyar ta ji wari, ta ratsa ƙarƙashin wayar, gashinta ya maƙale. Da gwajin DNA ake gane kowace ɗaya, mace ce ko namiji, ba tare da an kama ta ba. Wasu kuma akan sa musu abin wuya mai na'urar GPS don a san inda suke kiwo.

Sannan sai a auna hanya. Ma'aunin da masana suka fi amfani da shi shi ne kada buɗaɗɗiyar hanya ta wuce kilomita 0.6, wato mita 600, a kowane murabba'in kilomita na daji. Inda ta wuce, sai a rufe wasu: a sa ƙofar ƙarfe, ko a haƙa rami a tsakiya, ko a cire gada da kwalbati. Ƙofa tana da rauni, don mai babur yakan zagaye ta.

A shekarar 2016 gwamnatin lardin da al'ummomin 'yan asalin ƙasar da kamfanonin katako da ƙungiyoyin kare muhalli suka kammala yarjejeniya kan dajin Great Bear da ke bakin tekun lardin, mai faɗin hekta miliyan 6.4. Aka hana saran kasuwanci a kashi 85 cikin 100 na dajin. A Disamban 2017 kuma aka hana farautar girizili a lardin baki ɗaya, ban da 'yan asalin ƙasar da ke yi don abinci da al'ada. An yi ta murna da wannan doka. Amma a watan Oktoba na shekarar, Odita Janar ta lardin a lokacin, Carol Bellringer, ta riga ta faɗa a rahotonta cewa lalacewar muhalli ta fi farauta haɗari ga girizili. Rahoton ya ce akwai hanyoyin daji kilomita 600,000 a lardin, ana kuma ƙara kusan 10,000 duk shekara. Hana farauta sa hannu ne a takarda. Rufe hanya kuwa sai an kashe kuɗi, an kuma sha rigima da duk wanda ya saba binta.

Aikin lissafi

A raba tsawon hanya da faɗin daji. Misali, daji mai murabba'in kilomita 100 yana da hanya kilomita 90. Idan aka raba 90 da 100 za a samu 0.9, ya wuce 0.6. Abin da ya kamata a bari a buɗe shi ne kilomita 60, sai a rufe 30.

Yanzu ku gwada: daji mai murabba'in kilomita 50 yana da hanya kilomita 45. Kilomita nawa za a rufe? Idan kuɗin da ke hannu na rufe kilomita 10 ne kacal, wacce za ku fara rufewa, wadda ta bi bakin kogin kifi ko wadda ta ratsa daji mai duhu? Ku rubuta dalilinku a jimla biyu.

Tattaunawa

A Jihar Taraba an sare madobiya da yawa domin fitarwa ƙasashen waje. Duk wanda ya san dajin da motocin katako suka taɓa shiga, a can ko a wani wuri, ya gaya wa aji su wane ne suke bin hanyar yanzu, da abin da suke fitowa da shi.