Yadda Lauya Zai Shirya Takarar Kujerar Majalisar Jiha a Amurka

Lauyan da yake son shiga majalisar dokokin jiharsa a Amurka, abu na farko da ya kamata ya yi shi ne ya tabbatar ya cika sharuɗɗan takara, domin kowace jiha da nata ƙa'idojin game da shekaru da tsawon zama a mazaɓa. Daga nan sai ya zaɓi zauren da zai nema, tunda jihohi 49 majalisarsu mai zaure biyu ce, Nebraska kaɗai ke da zaure ɗaya. Sannan ya miƙa takardunsa kafin wa'adi ya cika, tare da kuɗin rajista ko sa hannun masu zaɓe, gwargwadon abin da dokar jihar ta tanada.

A batun kuɗi ne lauya ya fi bukatar taka-tsantsan. Ya naɗa ma'aji, ya buɗe asusu na musamman don yaƙin neman zaɓe, kuma kada ya kuskura ya haɗa shi da asusun amana inda yake ajiye kuɗin waɗanda yake yi wa aikin lauya, domin hakan na iya sa a ƙwace masa lasisi. Ya kuma duba albashin kujerar tun da wuri: a New Hampshire dala 100 ce kacal a shekara, wato ofishinsa na lauya ne zai ci gaba da riƙe shi.

A mazaɓun da jam'iyya ɗaya ta yi kaka-gida, zaɓen fidda gwani shi ne ainihin fafatawar, kuma a ganina bi gida-gida ya fi talla mai tsada amfani.