Neman diyya idan tsangwama a wurin aiki ta jawo ciwon damuwa

Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, hukumar asusun inshorar ma'aikata ta Nijeriya, ke aiwatarwa, ba ta tsaya kan karaya da yankewar yatsa ba. Sashe na 8 ya amince da ciwon damuwar da aiki ya haddasa, har da wanda ke zuwa idan an lafta wa mutum aikin da ya fi ƙarfinsa. Sai dai zagi da wulaƙanci su kaɗai ba sa kawo diyya. Sai likitan da hukuma ta amince da shi ya tabbatar akwai ciwo, kuma daga wurin aiki ya taso.

Don haka asibiti za a fara zuwa. A Zariya akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. A wannan mataki ne mutane da yawa ke yin asarar haƙƙinsu: kunya ta hana su zuwa, ko su je su ce rashin barci da faɗuwar gaba kawai, su ɓoye maganar oga. Fayil ɗin da bai ambaci wurin aiki ba, ba zai yi maka shaida ba. Faɗa wa likita abin da ake yi maka, da lokacin da aka fara, ka nemi rahoto a rubuce.

Riƙa rubuta kwanan wata, kalaman da aka faɗa, da waɗanda suka ji. Adana saƙonnin WhatsApp da takardun tuhuma a gida, ba a kwamfutar ofis ba, domin ana iya raba ka da ita rana ɗaya.

Wa'adi ba ya jira. Ma'aikaci zai sanar da ma'aikatarsa cikin kwana 14, ita kuma ta kai wa NSITF rahoto cikin kwana 7. Tunda tsangwama ba ta da rana guda, miƙa sanarwar da zarar likita ya tabbatar da ciwon, kuma a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Neman diyyar kansa cikin shekara ɗaya ake shigar da shi. Idan ma'aikata ta yi shiru, kai takardunka ofishin NSITF da kanka.

In an ƙi biya, kana da kwana 180 ka nemi hukumar ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kaduna. Tuntuɓi lauya ko ƙungiyar ƙwadago kafin ka sa hannu a takardar ajiye aiki ko ta sulhu, domin dokar ba ta yarda a karɓi diyyar NSITF kuma a kai ma'aikata ƙara kan ciwo ɗaya ba.