Yadda ake wanke tsohon bencin dutse a lambunan manyan gidajen Ingila

A lambuna irin na Stourhead da Stowe, waɗanda attajiran Ingila suka tsara a ƙarni na 18, akwai kujerun dutse da kayan ado da suka haura shekara 200 a waje. Ruwan sama bai cinye su ba, amma mai wanki da ƙarfin hannu zai iya lalata su a yini guda.

Da farko a gane irin dutsen. Na Portland da na Bath, wurare biyu a Ingila da ake haƙo dutse, masu laushi ne, suna shan ruwa kamar tulu. Wanda ake kira na Coade kuwa ba dutse ba ne, yumɓu ne gasasshe daga masana'antar da Eleanor Coade ta fara gudanarwa a unguwar Lambeth ta Landan a 1769, kuma ya fi su jure sanyi.

Sai a duba ko bencin yana cikin rajistar gine-ginen tarihi. In yana ciki, ba a sauya masa komai sai da izinin ƙaramar hukuma.

Kafin ruwa ya taɓa shi, a ɗauki hoto, a shafa shi da yatsa. In yana zubar da gari, a dakata, aikin ƙwararru ne. Jan tabo kusa da tsaga alama ce ƙarfen da aka ɗaure dutsen da shi ya yi tsatsa. Tsatsa kumbura take yi, ta fasa dutse daga ciki.

Wankin kansa ba wuya: burushi mai laushi, ruwa kaɗan, a gwada a bayan ƙafa tukuna. Gansakuka mai kauri a ɗaga ta da tsinken katako. Tabo-tabon nan masu launin toka da rawaya da suka manne, ni dai a bar su, don kankare su na tafiya da fatar dutsen. Ban da burushin waya, bilic, ruwan tsami ko injin feshin wankin mota. Kada a yi wanki lokacin hunturu, ruwan da ya shiga zai daskare ya tsaga dutsen.

Wajen cike tsaga, a kwaɓa farar ƙasa da yashi, ba siminti ba. Wanda ya taɓa ganin yaɓen siminti a kan katangar ƙasa ya san abin da ke biyo baya: danshi ya maƙale a ciki, yaɓen ya ɓanɓaro da ƙasar. Haka siminti ke yi wa dutse mai laushi.

In sanyi ya gabato, a lulluɓe bencin da mayafin da iska ke ratsawa, ba leda ba.